Gaurakan Kirawun

Tun da aka kawo injinan ban ruwa fadamarmu kunnena bai sake hutawa ba. Da can, in ka fito da hantsi, abin da za ka ji shi ne kukan jigo yana sunkuyawa yana miƙewa, da ƙarar ruwa yana bin fangalin albasa, da muryar wani daga ƙetaren rafi yana yi wa maƙwabcinsa tsiya don ya makara. Sama da duk wannan kuma akwai kukan gauraki. Su kan sauko garke guda, dogayen ƙafafu, tukku a ka kamar an dasa musu tsintsiyar zinariya, su bi bakin ruwa suna tsintar fara, ba su kula kowa. Yanzu ina! Hayaƙi da ƙugin inji, tun safe har la'asar, sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya amsa sallamarka. Gauraki kuwa sun tattara nasu ya nasu, ban san inda suka nufa ba. Yaran yanzu in ka ce musu gauraka, sai su tambaye ka ko sunan wani gari ne.

Abin da ya tono mini wannan zance jikata ce, wadda nake kira amaryata, ita kuma take kirana tsohon miji mai rowa. Ta zo hutu daga makaranta a Boɗinga, ta zauna bakin tabarmata tana haddar kalmomin Turanci da ƙarfi, don dai ta hana ni gyangyaɗi. Can sai na ji ta ce kirawun. Wallahi sai da gabana ya faɗi, ni da na ba tamanin baya. Na ce ta maimaita. Ta maimaita, ta shiga jero mini ma'anoninsa daga littafinta: kambin da sarki ke sawa a ka, tsakiyar kan mutum, ƙolin itace, hular ƙarfe da likita ke rufe ruɓaɓɓen haƙori da ita, kyautar wanda ya zo na ɗaya a gasa. Har ta ce akwai shagon ɗinki a bakin tasha mai wannan suna. Na ce, “Shagon ɗinki?” Ta ce, “Awo, tsoho, mi ab abin tsoro ciki?” Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ban ga laifinta ba. Ita a littafi ta gamu da kalmar, ni kuwa shekara uku na yi ina kwana a ƙofarta.

Ina saurayi lokacin, gemu ya fara tsirowa, ƙarfi kamar ya yi mini yawa. Wata damina ruwa ya yi ambaliya ya ci gefen fadama. Na je yankan ciyawa, sai na tarar da ɗan tsakon gauraka cikin laka, jiƙe sharkaf, iyayen babu labari. Na saka shi cikin hulata na kawo gida. Inna ta ce in mayar da abin mutane inda na ɗauko, Baba ya ce a bar shi, rai ne. Na riƙa kamo masa fara da gara, ina jiƙa masa tsakin dawa, ina ba shi a tafin hannuna. Kafin shekara ta kewayo ya kai mini ƙugu, tukkunsa ya buɗe, ya kuma ɗauke ni uwa da uba. In na tafi gona yana baya, in na shiga masallaci ya tsaya a ƙofa kamar dogari, in na je kasuwar Danchadi sai an ɗaure shi a gida yana ta kuka. Abokaina suka sa mini suna angon gauraka. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba, don ko 'yan mata sai sun tsaya kallonmu.

A shekarun nan Baba ba shi da zance sai na Makka. Ba irin tafiyar yanzu ba ce, da za ka hau jirgi da safe ka yi azahar a can. Da ƙafa ake zuwa, a bi ayari ta Kano, ta Yarwa, ta Lami, a yi ta gabas, ana tafiya ana tsayawa neman guzuri, wani shekara biyu, wani biyar, wani shi ke nan. Baba ya manyanta, ga ciwon gwiwa, ga ido ya fara hazo. Tsoho irinsa ba ya kama wannan hanya sai da ɗa mai ɗaukar kaya, mai jawo ruwa a rijiya, mai hura wuta a zango. Ni ne babba a maza, ƙanena kuwa bai isa ko ɗaure jaki shi kaɗai ba. Magana ta zauna tun da daɗewa: in an yi kaka an cika rumbu, ni da Baba za mu bi ayari. Inna har ta fara ɗinka mana jakar guzuri, ni kuwa ina kwana ina tashi da sunayen garuruwan da ban taɓa gani ba.

Da rani, kafin kakar da muka sa rai, Bature Di'o, mai mulkin yankinmu, ya fito rangadi ya sauka a barikin da ke kan hanyar Boɗinga zuwa Shagari. Bariki ɗaki ne babba na jinka, da rumfa, da ɗakin girki, an gina shi don saukar Turawa, ba ya da nisa da garinmu. In Bature ya sauka, garuruwan kusa ke kai itace da ruwa da ƙwai. Mai garinmu kawuna ne, wan Inna, shi ya ce in kai itace. Na ɗauka, shashashan tsuntsun nan ya tsinke igiya ya biyo ni. Bature na zaune a rumfa yana shan shayi, ya hango mu, ya ajiye kofi ya taso. Ya zagaya gauraka, ya tafa hannu, tsuntsu ya buɗe fukafukai ya yi masa 'yar rawarsa. Kai, Bature ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya shiga ɗaki ya fito da wani zoben tagulla, ya sa na riƙe tsuntsun, ya matse masa shi a ƙafa. Ya yi wata magana da Turanci yana dariya. Masinjansa, wani dogon mutum mai jar dara da maɓallan tagulla, shi ke yi masa tafinta. Ya juyo ya ce da ni, “Bature ya ce tsuntsu shi zauna nan bariki, kai kuma ka kula da shi. Duk ranad da yaz zaka, shina son shi ishe shi lahiya.”

Da Bature ya shiga ciki, masinja ya kira ni da Kawu gefe. Ya ɗaga ƙafar tsuntsun ya nuna mana wani ɗan zane a jikin zoben, kamar hula mai ƙahoni da ɗan gicciye a sama. Ya nuna irinsa a maɓallin rigarsa, ya nuna a gindin bokitin bariki, a jikin fitila, a bayan ambulan da ke aljihunsa. Ya ce, “Kun san mi a wanga? Kirawun ke nan.” Kawu ya ce, “Sunan Sarkin Ingila na?” Masinja ya yi tsaki. Ya ce ba sunan sarki ba ne, hular sarki ce, amma kuma ta fi sarkin. Sarkin Ingila yana mutuwa a naɗa wani, Kirawun ba ya mutuwa. Dajin da aka hana mu saran itace na Kirawun ne. Soja bawan Kirawun ne. In ka yi babban laifi aka kai ka gaban alƙalin Turawa, ba wanda ka cuta ke ƙararka ba, Kirawun ne ke ƙararka. Shi kansa Di'o yaron Kirawun ne. “Duk abin da kag ga wagga alama bisa gare shi,” in ji shi, “in ya ɓace, wanda anka ba ajiya da wanda yat tsaya mishi su ka amsawa.” Ya dubi rawanin Kawu. Na ga Kawu ya kai hannu ya taɓa rawanin nan kamar iska za ta ɗauke shi.

Na sha tunanin wannan bayani a rayuwata. Mu mun san sarauta tun kaka da kakanni, amma sarautar da muka sani tana da zaure. In an matsa maka, ka san ƙofar da za ka je ka cire takalmi ka faɗi, ka ce ranka shi daɗe, ga kukana. Ko ba a share maka hawaye ba, an dai ga fuskarka. Shi wannan Kirawun ba shi da zaure, ba shi da fuska, ba wanda ya taɓa jin tarinsa. Ba ka san inda za ka kai masa gaisuwa ba, balle roƙo. Sai dai alamarsa a gindin bokiti, da mutane masu rawar jiki in an ambace shi.

Haka na koma bariki da tabarmata. Aikin ba wani aiki ba ne, shi ya sa ya fi cin rai. Da safe in share fili, in canza ruwan kasko, in zuba dawa, in kamo fara. In raka shi bakin rafi ya yi kiwo, in dawo da shi. In gashin fiffikensa ya tofo in rage shi da almakashi don kada ya tashi. Sauran yini kuwa in zauna gindin tsamiya ina kallon hanya, fatake na wucewa da jakuna, 'yan cin rani na wucewa da sanduna, kowa na da inda za shi. Gonarmu ina hango ta, amma ba ni wuce rabin yini a cikinta, don ba a san ranar da Bature zai faɗo ba. Ya dawo sau ɗaya, farkon damina, ya ɗauki hoton tsuntsun, ya shafa masa wuya, ya tafi. Bayan nan wasu Turawan sun sauka, na allurar shanu, na awon hanya, su kalli gauraka su yi murmushi su wuce. Ba wanda ya tambaye su komai. A lokacin talaka ba ya tambayar Bature, sai dai Bature ya tambaye shi.

Kaka ta zo, ayari ya haɗu, Baba ya je wurin Kawu. Ina tsugune a bakin zaure ina jinsu. Baba ya ce, “Mai gari, ka san niyyata. A sake min yaro.” Kawu ya ce, “Malam, da ni na ɗaure shi da na kwance shi tun jiya. A bari Bature shi zaka, in sa masinja shi gwada mishi magana.” Baba ya haƙura, ayari ya tafi ba mu. Kaka ta biyu haka. A ta biyun ne ma aka gwada dabara, aka kai ƙanena bariki ni na dawo gida, don a gani ko tsuntsun zai saba da shi. Ina! Ya ƙi ci, ya ƙi sha, ya tsaya a lungu da ƙafa ɗaya, in yaron ya matso ya kai masa sara. A kwana na uku Kawu ya zo gidanmu da kansa, ko sallamar kirki bai yi ba, ya ce, “Tashi ka koma! In tsuntsun ga ya mutu, ni da ku duka mun mutu.” Inna ta fito ta ce masa, “Yaya, ɗan ƙanwarka ka bai wa tsuntsu?” Ya ce, “Ke, ba ki san Kirawun ba.” Ta ce, “Kai ka san shi?” Ya sa kai ya fita.

Ni ma na yi tawa dabarar. Na daina rage masa fiffike, na ɓoye almakashin cikin jinka. Na ce in ya tashi da kansa ya bi 'yan'uwansa, sai a ce ikon Allah, a yi mini bulala in za a yi, a sallame ni. Gashi ya cika. Wata safiya garken gauraki ya wuce ta saman bariki suna kuka, ya ɗaga kai, ya yi gudu uku, ya tashi. Na bi shi da ido har ya ɓace. Wallahi na yi rawa a filin nan ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Na naɗe tabarmata, ina jiran la'asar in je in gaya wa Kawu. La'asar na yi sai ga shi ya sauko gabana, ya gyara fukafukai, ya miƙo baki cikin tafin hannuna yana neman dawa. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa mahaluki ba. Na jefe shi da hoge. Ya matsa kaɗan, ya dawo.

Da kaka ta uku ta gabato, Baba ya zo bariki da kansa yana dogara sanda, ya tarar da ni ina wasa wuƙa a kan dutse. Bai tambaye ni ta mene ce ba. Ya zauna a kan turmi ya ce, “Mai da ta kube.” Na ce, “Baba, tsuntsu na hwa! Tsuntsu za ya hana ni bin ka?” Ya ce, “Shi bai san an sa mishi zobe ba. Kai ka ɗauko shi cikin laka, bai roƙe ka ba. In ka yanka shi, kawunka za a tuɓe, gidanmu za a sa ma ido, ni kuma in tahi ɗakin Allah da wanga a wuyana? A'a.” Sannan ya ce idonsa na ƙara rufewa, in ya sake jiran wata kaka ba zai ga hanya ba, balle ya ga Ka'aba. Zai bi ayarin bana shi kaɗai.

Ranar tafiya na raka su har mararrabar da hanya ta rabu, ina ɗauke da kayansa a kaina, tsuntsun na biye da mu, mutane na dariya suna cewa har gauraka zai sauke farali. Ni ban ga abin dariya ba. Da muka tsaya na ɗora masa kayan a kafaɗa, na ga yadda ya tanƙware kafin ya daidaita. Zuciyata ta karye. Don in sanyaya masa rai, da ni kaina, na ce, “Baba, ka riƙa jinkirtawa bisa hanya. Da an sallame ni ina nan tahe, ko Lami in cim maka.” Ya dafa kaina ya yi addu'a, ya ce Allah shi yarda. Na tsaya har farar rigarsa ta shige cikin sauran, sannan na juya bariki.

Da bazara, zafi na tsakiyarsa, wani sabon Di'o ya sauka, jajir da shi, gajere, tare da masinjan nan mai jar dara. Da gari ya waye gauraka ya hau kan rumfa ya yi ta ƙwala kuka. Bature ya fito a fusace, yana nuna shi yana faɗa. Na zube ƙasa, na ce yau tawa ta ƙare. Masinja ya ce, “Shina tambaya, tsuntsun wa na?” Na ce, “Ranka shi daɗe, na Kirawun na.” Da aka mayar masa, sai ya tsaya ya dube ni. Ya sa aka kawo takardar kayan bariki ya bi ta da yatsa: gado, tebur, fitila, bokiti biyu. Babu tsuntsu. Na kamo ƙafar na nuna masa zoben. Ya duƙa ya duba, sai ya tuntsire da dariya. Ashe zoben makullin wani tsohon akwatin takardu ne. Ya buɗe zoben da ɗan ƙarfe ya jefa a aljihu, ya ce in kwashe tsuntsuna in tafi da shi duk inda na ga dama, ya hana shi barci.

Na bi masinja bayan ɗakin girki. Na ce, “Wancan Baturen hwa, mai zobe?” Ya ce, “Wanne? Oho, wancan. Ai ya koma ƙasarsu tun daminar da yad ɗauki hoto. Ba shi dawowa.” Na ƙirga a zuciyata. Tun kafin kaka ta fari ke nan. Na ce, “Kuma ka sani?” Yana gyara jar dararsa ya ce, “Wa yat tambaye ni?” Har yau in na tuna fuskarsa a lokacin nan, sai na ji ɗaci a bakina. Ba mugunta a cikinta ko kaɗan, wannan ne abin takaicin. Ya manta da mu ne kawai, kamar yadda ubangidansa ya manta.

Ban kwana biyu ba na kama hanya. Na bar tsuntsun a fadama, ko waiwaye ban yi ba. Na bi fatake zuwa Kano, na yi dako na hau mota zuwa Yarwa, na ƙarasa da ƙafa. Ruwan farko ya sauka ina shiga Lami. Na nemi zangon alhazai, aka haɗa ni da mai masaukin, wani dattijo mutumin wajenmu da ya daɗe can. Na fara kwatanta masa Baba, bai bari na gama ba ya ce, “Kai ne mai tsuntsu?” Ya kama hannuna ya zaunar da ni. Ya ce ayarinsu Baba sun huta sun wuce, shi Baba ya ƙi binsu, ya ce ɗansa na tafe. Wani ayarin ya zo ya wuce, ya ƙi. Duk ranar da aka ce baƙi sun iso daga yamma, sai ya lallaɓa da sandarsa bakin zango, yana bin fuskoki ɗaya ɗaya don idon ba ya gani daga nesa, yana tambaya ko akwai saurayi daga wajen Boɗinga. Wata biyu yana haka. Da zafi ya tsananta ciwo ya shigo zangon, ya kwanta kwana huɗu. An yi sadakar arba'in ɗinsa saura kwana shida in iso. Dattijon ya kai ni ya nuna mini kabarin, tudun ƙasa ne cikin tudun ƙasa da yawa, shi kansa sai da ya yi kokwanto tsakanin biyu.

Ban wuce gaba ba. Ba ni da zuciyar ganin Ka'aba a shekarar nan, ga Inna da ƙanana a gida. Na juyo. Na iso garinmu da hantsi, dawa ta fara fitar da kai, na biyo ta fadama don kada in haɗu da mutane tun ban shirya ba. A hanya duk na gama sawa a raina cewa tsuntsun ya mutu da yunwa, tun da ba ya cin na hannun kowa. Sai ga garken gauraki a bakin ruwa, ga shi a tsakiyarsu. Na gane shi da shaidar da zoben ya bari a ƙafarsa. Ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, ga wata a gefensa suna kiwo tare. Na yi masa irin kiran da nake yi masa tun yana cikin hulata. Ya ɗago kai ya dube ni, ya mayar da baki cikin ciyawa ya ci gaba da tsintar fararsa.

Na zauna a kan kunyar wani, kayana a gabana, ina hango jinkar gidanmu da hayaƙin girkin Inna. Har rana ta take tsaka ina nan zaune, na rasa da wane baki zan shiga in gaya mata.